Makara a Ƙofar Mai Rai

Shin Malam ya san kansa yake share wa hanya? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi, tun ranar da aka fitar da shi, kuma wanda zai amsa mini ita yana ƙarƙashin ƙasa. Na tambayi babbar ɗiyata, wadda take rubuta abin da nake faɗa yanzu, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. In kun ga magana ta karkace, bakina ne ya karkata ta. In kuma na tsaya, kuka ne, ta saba jirana.

Gidanmu yana Kusfa, can cikin lungu. In ka baro titi ka wuce masallaci, lungun yana tafiya a miƙe har ya iso katangarmu, a nan sai ya karye kamar gwiwar hannu. Ɗakinmu ya ba lungun baya, da 'yar taga a sama. Ta wannan tagar na san unguwa duk tsawon zaman aurena. Ina gane tafiyar ladan, ina gane mai kalanzir, ina gane amalanken ɗan garuwa in ya zo kwanar yana goga katanga. In aka yi rasuwa kuma, ina jin masu makara suna rage sauri a daidai nan, wani ya ce a yi a hankali, sannan su wuce.

Malam, mijina, ma'aikacin gwamnati ne, a ofishin mulki ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne mai barkwanci, amma akwai abin da in ya tuna sai ya yi tsaki. Yakan ce a zamaninsa malaman jami'a sun sha zuwa da rahoton binciken da suka yi a kan yadda za a gyara aikin hukuma. A karɓe su da girmamawa, a ba su lemo, a yi godiya, a sa rahoton a kabad. "Gara ce kaɗai take karantawa," in ji shi. Bai taɓa cewa wani daga cikinsu mugu ba ne. Mai bincike yana tsawaita rubutu don tsoron 'yan'uwansa malamai, mai ofis kuma dole ya sa hannu kafin a tashi aiki. Kowa yana ɗakinsa, babu mai leƙa na wani. Ni dai ina jinsa ne ina tankaɗe, ban ɗauka zancen zai taɓa shigowa tsakar gidana ba.

Sai aka zo da aikin magudanar ruwa a cikin gari. Kowa ya yi murna, domin damina ta daɗe tana cin gindin katangunmu, kwata kuma ta ishe mu da sauro. Zane ɗaya aka yi wa ko'ina: rami hagu, rami dama, a buɗe, mutane su bi tsakiya. A titi abin ya yi kyau. A lungu kuwa abin da ya rage a tsakiya bai fi tabarmar salla ba.

A wata unguwa wajen Ƙofar Doka aka fara. Ba a daɗe da gamawa ba mijin wata ƙawata ya rasu a can. Makara ta kasa shiga lungunsu. Aka naɗe bawan Allah a tabarma, aka ɗaga shi ta kan katangar maƙwabta, aka ratsa da shi tsakar gidan mutane, ta gefen turmi da igiyar shanya, kafin a kai inda makarar take jira. Da na je gaisuwa ta riƙe hannuna. Ba ta yi mini zancen ciwon da ya kashe shi ba, katangar take ta maimaitawa. "Kamar kayan sata, 'yar'uwa. Mutumin da ya shigo da ni ta ƙofar nan."

Na dawo gida. Da na kawo wa Malam tuwo na ce, "Malam, ni dai in na riga ka, don Allah kada a ɗaga ni ta katanga."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da wannan jikin, wa zai iya? Sai dai a rushe katangar."

Na yi fushi na juya masa baya. Amma na lura bai gama tuwon ba.

Akwai wata malamar jami'a da ta zaga gidajenmu a shekarar da ta gabata. Dakta ake ce mata, ba ta asibiti ba, ta karatun mulki. Ta shigo har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta ci dambu da hannu, tana tambayarmu inda muke zubar da ruwan wanke-wanke da irin abubuwan da suke bin lungun. Malam ya tuna da ita, ya yi ta cigiya har ya same ta. Ashe ta gama binciken tuntuni. Shawararta ita ce a ƙananan lunguna a yi rami ɗaya a tsakiya, a rufe shi da murafun siminti waɗanda za a iya ɗagawa in za a yi yasa, hanya ta zauna da faɗinta. Ta aika wa ma'aikatar ayyuka, shiru.

Daga nan ya tafi wajen Daraktan ayyuka, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa yana saurayi. Ya dawo yana kwaikwayon muryarsa. "Baba, zanen daga sama ya zo. In na taɓa shi ba hujja, ni za a tuhuma." Da ya yi masa zancen rahoton sai ya ce, "Na gan shi, Baba. Kaurinsa ya kai matashin kai. Yaushe zan zauna?" Malam bai yi musu da shi ba. Abu ɗaya ya roƙa: kafin a sa diga a lungunmu, ya zo da injiniyansa wata safiya su sha shayi a zaure. Ya gayyaci Dakta ita ma.

A lokacin ma'aikata sun riga sun kafa turaku, sun ja igiya hagu da dama, alamar inda ramukan za su bi.

Ranar Asabar suka zo, da hantsi. Na aika da shayi zaure, na zauna ina tsince shinkafa. Sai na ji salati daga gidan da yake jikin namu. Kafin in miƙe maƙwabciyata ta faɗo ba ko takalmi, ta rungume ni tana kuka. "Sai haƙuri, Hajiya! Yaushe abin ya faru? Jiya-jiya na ji tarinsa!" Wasu matan suka biyo bayanta. Na ce me ya faru? Ta ce ga makara can an jingine a ƙofar gidanku.

Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na ruga, ɗankwali a hannu, na leƙa ta ƙofar zaure ta ciki. Ga Malam zaune a kan buzunsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana hura shayi. Ashe shi ya sa ladan ya ɗauko makarar masallaci, bai gaya wa kowa dalili ba, har ni. A unguwarmu kuwa ba a fito da makara sai an yi rashi. Duk wanda ya gan ta a ƙofar gida ba ya tambaya, alwala yake yi.

Kafin shayin ya huce lungu ya cika. Akwai wani tsoho abokin wasan Malam, tun suna yara suke tsokanar juna. Ya shigo da sandarsa yana innalillahi, idonsa ya yi ja, sai suka yi ido huɗu.

"Kai! Ashe ba ka tafi ba?"

"Ina zan je in bar ka kana cin amanar unguwa?"

"Na bar kokona yana hucewa a banza. Wallahi har na fara yabonka a hanya, Allah Ya sa ba wanda ya ji."

Liman bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, wannan ba abin wasa ba ne, ka tayar wa mutane hankali." Malam ya ba shi haƙuri, ya ba jama'a haƙuri, sannan ya ce tunda Allah Ya tara su, su tsaya su zama shaida. Ya nuna igiyoyin. Ya ce majiya ƙarfi su ɗauki makarar kamar yadda aka saba, su bi tsakanin igiya, duk wanda ƙafarsa ta tsallake, a ɗauka ya faɗa rami.

Ni ina bayan ƙyaure, mata sun taru a bayana, muna leƙe. Darakta ya fito da kofinsa a hannu, mutum mai tsabta, shaddarsa tana ƙyalli. Dakta ta tsaya gefe ta gyara mayafi. A miƙaƙƙen wuri masu ɗauka suka wuce da ƙyar, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Da suka iso kwana sai abu ya tsaya. Na gaba ya tsallake igiya, yara suka yi ihu wai ya faɗa. Aka koma baya, aka sake, na baya ya tsallake.

Injiniyan ya ce, "A ɗan karkata ta mana, a ɗaga kan sama." Aka karkata, aka ɗaga, ta wuce. Ya ce, "To ga shi."

Malam ya ce, "Babu kowa a ciki ne, ɗana." Sai na ga ya cire hularsa ya miƙa wa ladan, ya fara tattare babbar riga. "Ku sauke ta in shiga."

Tun da aka kawo ni gidan nan, maza ba su taɓa jin muryata a zaure ba. Ranar sun ji. "Wallahi Malam, in ka shiga makarar nan, gidanmu zan tafi!"

Sai lungu ya fashe da dariya. Abokin wasan nan ya ɗaga murya: "Wane gidan, Hajiya? A faɗa mana mu kai kayan biko!" Iyayena sun daɗe da rasuwa, gidan ma an raba. Na ji kunya kamar in nutse, amma ban janye ba. Liman ya goyi bayana, ya ce mai rai ba zai shiga ba. A ƙarshe buhun masarata aka ɗauko daga ɗakin ajiya, aka shimfiɗa a ciki, aka rufa masa tabarma.

Suka ɗauka. Suka iso kwana. Suka karkata kamar yadda injiniya ya ce. Buhun ya zame, ya sulluɓo ta ƙasa, ya faɗi a bayan igiya, bakinsa ya fashe. Masara ta watsu har gindin katanga.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kowa a wurin yana da wanda ya taɓa ɗauka ta kwanar nan. Kaji ne kawai suka taho da gudu.

Darakta ya daɗe yana kallon masarar. Sannan ya juya wajen Dakta. "Wannan yana cikin rahotonki?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe. Matan unguwa sun faɗa mini, na rubuta."

"A ina?"

"Can wajen tsakiya."

"Tsakiya," ya ce, ya girgiza kai. Ita ma ta ɗan yi murmushi, ta ce ta ga alama abin da ya kamata ya zo a farko ta kai shi inda ba mai isa. Ya ce, "Za ki iya taƙaita mini shi yadda zan karanta wa na sama da ni a tsaye, kafin wayarsa ta yi ƙara?" Ta ce za ta iya, in shi ma zai faɗa mata abin da na saman suke tsoro, don ta san me za ta amsa.

Suka koma zaure su huɗu, har da injiniyan. Ina jiyo su. Darakta ya ce murafu za su ƙara nauyin aiki. Injiniyan da kansa ya ce ai rami ɗaya za a haƙa maimakon biyu, abin da aka rage a can ya rufe nan. Dakta ta kawo zancen yasa, wa zai riƙa ɗaga murafun. Malam ya ce a bar wa mai unguwa da matasan masallaci, amma a faɗa musu tun yanzu a gaban jama'a. In Dakta ta yi dogon Turanci sai ya ce, "Faɗa masa da Hausa." In Darakta ya fara zancen doka sai ya ce, "Faɗa mata wace ce dokar, wace ce al'adar ofis kawai." Har azahar suna nan. Na dama fura na aika. Da suka watse ya shigo yana murmushi, na ƙi kula shi sai da ya yi alkawarin sabon buhu.

Bayan 'yan makonni amincewa ta zo. Aka cire turakun, aka haƙa tsakiyar lungu tun daga titi har bayan gidanmu, aka zuba kankare, aka fara jera murafu daga bakin titi. A daidai lokacin Malam ya kwanta.

Da farko mun ce zazzaɓin damina ne. Sai abinci ya daina zama, jiki ya fara zubewa. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, na ga yadda 'ya'yan suke kauce wa idona. Murafu kuma suka zo har kusa da katangarmu suka tsaya. Wai murafun kwanar dabam ne, sai an zuba su a kan siffar wurin, ɗan kwangila kuma ya kwashe mutanensa zuwa wata unguwa. Aka bar mana rami a buɗe a daidai gwiwar lungun, da katako ɗaya a kai, mai wucewa yana bi yana dafa bango.

Kullum da safe Malam yakan tambaya, "An rufe kwanar?" In ce tukuna. Ya ce to. In na fito tsakar gida sai idona ya tafi kan katangar da take tsakaninmu da maƙwabta. Na san tsayinta, na san inda ta tsage. In na kalle ta sai in ga tabarma a naɗe tana hawa. Ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya mace za ta ce tana tunanin hanyar fitar da mijinta alhali yana numfashi?

Dakta ce ta zo duba shi. Ta ce dama tana zagayawa ne ta ga yadda aikin yake tafiya, saboda ta riga ta koya daga Malam cewa ba a cewa an gama sai an taka da ƙafa. Ta bi ta kan katakon nan ta shigo. Ta gaishe shi, suka yi 'yar hira, ta fito ta same ni a madafi. Ta ce, "Inna, yaya ƙarfin hali?" Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, sai na ji na ce, "'Yar nan, katanga nake tsoro."

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. A tsakar gidan ta tsaya ta kira Darakta a waya. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji ta ce, "Ba a rubuce nake faɗa maka ba, ranka ya daɗe, ina tsaye a gidan ne." Washegari ya zo da kansa, da injiniyan, da magina. A nan bakin kwanar suka haɗa katako, suka ɗaure rodi, suka zuba siminti. Injiniyan ya ce sai ya sha ruwa ya bushe sosai, in aka yi gaggawa zai tsage a ƙarƙashin mutane. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Ina roƙa wa Malam sauƙi, ina roƙon siminti ya bushe, ina neman gafarar Allah a kan roƙo na biyun.

Ya bushe. Aka ɗora. Kwana kaɗan bayan haka Allah Ya karɓi abinsa, da rana tsaka, 'ya'yansa suna kewaye da shi.

Mata ba sa bin jana'iza. Da aka gama sutura aka fitar da shi zaure, sai na bar matan da suka cika tsakar gida, na shiga ɗakinmu na zauna a ƙarƙashin tagar. Na ji an ɗaga. Na ji sun fito ta ƙofar da ya shigo da ni. Sabbin murafun suna da wata ƙara in an taka su, kamar ana buga turmi a nesa. Na kasa kunne ina jiran inda za a tsaya, inda wani zai ce a sauke, a karkata. Ƙarar ta zo daidai kaina, ta juya, ta ci gaba. Ko rage sauri ba su yi ba. Ta yi ta tafiya har ta haɗe da hayaniyar titi.

Na kifa goshina a ƙasa. Matan da suka shigo sun ɗauka faɗuwa na yi, suka yi ta yayyafa mini ruwa. Kuka nake yi, ba shakka, har yau ma ina yi, wurinsa a kan buzun nan ba abin da zai cike shi. Amma a wannan sa'ar godiya ce ta kai ni ƙasa.

Bayan na fita takaba na je wajen ƙawata ta Ƙofar Doka. An rufe ramukan lungunsu su ma, an ce yanzu haka ake yi a duk inda hanya ta matse. Ta taka murfin da ƙafarta ta ce, "Ya zo mini a makare, amma ni zan bi ta kai." Muka yi dariya, muka yi kuka.

A wannan lokacin ne kuma ɗiyata ta faɗa mini cewa likita ya ce mata Malam ya daɗe yana zuwa wajensa shi kaɗai, tun kafin rasuwar mijin ƙawata. To shi ne nake tambaya. Da ya bar tuwon nan a kwano, roƙona ne ya tsaya masa a rai, ko abin da likita ya faɗa masa? Da ya cire hula zai shiga makara yana dariya, wasa yake yi, ko gwadawa yake? Wata rana in ce don ni ya yi, wata rana in ce don kansa, wata rana in ce mutumin da ya ga gara tana cin aikin mutane shekara da shekaru ne ya samu dama sau ɗaya ya haɗa su a zaure guda. Ko wanne ne, ya fita ta ƙofarsa a kan kafaɗun mutane, ni ma in lokacina ya yi ta nan zan bi.

Ranar da aka ɗora murafun kwanar, na yafa mayafi na fita na taka su, na je na dawo, har na ɗan yi tsalle da na ga ba kowa. Na shigo na faɗa masa. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa, sai da na kai kunnena. Ya ce na taka da ƙafata? Na ce na taka. Ya ce bai motsa ba? Na ce ko kaɗan, duk da jikin nan da yake yi wa gori. Ya yi murmushi ya lumshe ido. Bayan wannan ranar bai ƙara magana da ni ba, sai kalmar shahada da 'ya'yansa suka ji a bakinsa a ƙarshe. Amma a ranar, da na tashi zan fita, sai ya ɗaga yatsa wajen bango.

"Buɗe mini tagar nan, Hajiya. Ina so in ji masu wucewa."